Jarrabawar Chunin Ta Fi Babin Pain, Ga Dalilina



Tun farkon wannan zangon karatu akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a azuzuwan ƙaramar sakandare. Ana yin ta in an tashi tara, ana yin ta a hanyar gida, wani lokacin ma ana yin ta da raɗa a layin asambile. Gardamar ita ce, a cikin labarin Naruto gaba ɗaya wane babi ne ya fi kowanne. Da baki ba a gama magana, domin kafin ka kai ƙarshen hujjarka mutum uku sun katse ka. Shi ya sa na rubuto tawa a kafa a allo, wanda zai katse ni sai dai ya ɗauko biro.

Bari in fara da malamanmu da sauran waɗanda ba su san abin da ake magana a kai ba. Naruto labari ne daga ƙasar Japan. Wani mai zane da ake kira Masashi Kishimoto ne ya ƙirƙire shi, ya fara fitar da shi a mujallar Weekly Shonen Jump a shekarar 1999, bai gama ba sai 2014. Da aka tattara shi ya zama littattafai 72. Daga baya aka mayar da shi zane mai motsi, irin wanda ake kira anime. Rukunin farko ya fara a 2002 kuma kashi 220 ne. Na biyu, wato Naruto Shippuden, ya fara a 2007 ya ƙare a 2017, shi kuma kashi 500 ne. In ka haɗa ka sami 720. Labarin wani yaro maraya ne a garin ninjoji mai suna Konoha. An kulle wata muguwar dabba mai jela tara a cikin jikinsa ran da aka haife shi, saboda haka mutanen gari suke gudunsa, shi kuma ya ci alwashin sai ya zama Hokage, wato shugaban garin.

Tunda labarin yana da tsawo haka, masu kallo sun kasa shi gida-gida. Duk inda wata matsala ta taso aka bi ta har ta ƙare, wannan shi ne nake kira babi. A makarantar nan mun rabu kusan gida huɗu. Mafi yawa, musamman 'yan bencin baya, suna bayan babin da Pain ya kai wa Konoha hari. Wasu suna bayan Babban Yaƙin Ninja na Huɗu saboda Madara. Akwai 'yan tsiraru masu son babin Zabuza da Haku na can farko. Ni kuma ina tare da Jarrabawar Chunin, wadda take daga kashi na 20 zuwa na 67 a rukunin farko.

Gargaɗi: zan faɗi abubuwan da suka faru har da waɗanda suka mutu. Wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa, ya matsa ya karanta shafin wasanni.

Dalilina na farko mai sauƙi ne. A wannan babin jaruman labarin ɗalibai ne sa'o'inmu. Naruto da Sasuke da Sakura ba su wuce shekara 12 zuwa 13 ba. Rock Lee da Neji da Tenten sun girme su da shekara ɗaya kawai. Ba wanda yake da ƙarfin rushe dutse a cikinsu. Abin da ke gabansu jarrabawa ce ta ƙarin matsayi, daga Genin, wato ƙaramin ninja, zuwa Chunin, wanda ake iya ba shi jagorancin tawaga. Akwai mai ƙwaƙwalwa, akwai malalaci, akwai mai kunya da ba ta iya ɗaga kai, akwai mai cika baki, akwai wanda kowa ya san shi ne na ƙarshe a aji. Duba ajinku da kyau, za ka ga kowannensu zaune a wani benci.

Matakin farko rubutacciyar jarrabawa ce, kuma a ganina babu wani wuri a duk kashi 720 da aka nuna wayo irin na nan. Ɗalibai 153 suka zauna a ɗaki ɗaya. Mai kula da su wani mutum ne mai tabo a fuska, Ibiki Morino, wanda ainihin aikinsa shi ne tatsar bayani daga bakin fursunoni. Tambayoyi goma ne, awa ɗaya. Kowa ya fara da maki goma. Duk lokacin da aka kama ka kana satar amsa za a cire maka biyu, in aka kama ka sau biyar an kore ka, kuma an kori abokan tawagarka biyu tare da kai. Tambayoyin kuwa sun fi ƙarfin kusan kowa a ɗakin. A hankali masu kaifin basira suka gane cewa da gangan aka yi haka. Aikin ninja shi ne satar sirrin abokan gaba ba tare da an gan shi ba, to abin da ake gwadawa ke nan. Har ma an dasa wasu manya a cikin ɗaliban da suka san amsoshin, domin a sami wanda za a kwafa daga wurinsa.

Sai kowa ya fito da dabararsa. Sasuke ya yi amfani da idonsa na Sharingan yana kwaikwayon motsin hannun na gabansa. Neji ya leƙa da Byakugan. Gaara ya haɗa ido da yashi ya aika shi. Kiba karensa Akamaru ne yake leƙo masa. Shino ya aiki ƙwari. Tenten ta yi wasa da madubai a rufin ɗaki. Ino ta shiga jikin Sakura ta haddace amsoshinta, domin Sakura da ƙwaƙwalwarta kawai ta amsa. A cikin 'yan mintuna mai kallo ya san baiwar kusan mutum goma ba tare da an yi naushi ko ɗaya ba.

Na san a nan wani malami zai ɗaure fuska ya ce, ashe abin da kuke koya ke nan, satar amsa. Malam, a yi haƙuri a ji ƙarshen zancen. Naruto bai gane dabarar ba sam. Bai san amsar ko tambaya ɗaya ba. Hinata da ke zaune kusa da shi ta matso masa da takardarta don ya kwafa, ya ƙi, saboda yana tsoron a kama su ya ja mata, ya kuma ja wa Sasuke da Sakura. Da minti 45 ya cika sai Ibiki ya kawo tambaya ta goma da sharaɗi. In ka ce ba za ka amsa ba, kai da tawagarka kun faɗi, amma kuna iya dawowa wani karon. In ka ce za ka amsa kuma ka kuskure, har abada ba za ka ƙara zama jarrabawar ba. Mutane suka dinga ɗaga hannu suna fita. Naruto ya ɗaga hannu kamar zai fita, sai ya buga shi a kan tebur ya ce shi ba inda za shi. Wannan ya ƙarfafa wa sauran gwiwa suka zauna. Ashe babu wata tambaya ta goma, zaman shi ne amsar. Mutum 78 suka wuce, har da Naruto da farar takardarsa. Wanda labarin ya ɗaga a wannan ɗakin shi ne yaron da aka miƙo wa amsa ya ƙi karɓa. Amma kada wani ya ce na ce a miƙa farar takarda a jarrabawar lissafi. Malamin lissafinmu ba Ibiki ba ne, sifili zai ba ka.

Mataki na biyu shi ne Dajin Mutuwa, ƙarƙashin Anko Mitarashi. Kwana biyar, kowace tawaga da naɗaɗɗiyar takarda ɗaya, ta sama ko ta ƙasa, sai ta ƙwato ɗayar daga wata tawagar ta kai hasumiyar tsakiyar daji. Ba zan daɗe a nan ba. A nan Orochimaru ya fara bayyana ya ciji Sasuke a wuya ya sa masa hatimin da ya zama sanadin barinsa gari daga baya. A nan Sakura ta yanke gashinta da wuƙa don ta kuɓuce daga hannun wadda ta riƙe ta, ta tsaya ita kaɗai tana kare abokanta biyu da ke kwance. A nan kuma muka ga tawagar Gaara ta gama dajin kwana biyar a cikin minti 97, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Daga nan duk mai kallo ya fara addu'ar kada a haɗa wanda yake so da wannan yaron.

Sai aka haɗa shi da Rock Lee.

Ko da babu komai a babin sai wannan faɗan, da zan iya tsayawa a kansa in yi gardama da kowa. Yana daga kashi na 48 zuwa na 50. Lee yaro ne da aka haifa ba ya iya ninjutsu ko genjutsu, wato duk dabarun da sauran suke yi da ƙarfin cakra, na wuta da ruwa da ruɗar ido, shi ba ya iya ko ɗaya. Kamar a ce ɗalibi ya zo makaranta an gaya masa darasi ɗaya tak zai iya ci a rayuwarsa. Abin da ya rage masa shi ne faɗan hannu da ƙafa. Sai ya kama wannan ɗayan ya riƙe. In ya ɗora wa kansa bugu ɗari kaza ya kasa cikawa, sai ya hukunta kansa da wani atisayen da ya fi shi wuya. Malaminsa Might Guy ne kaɗai ya yarda da shi. Gaara kuma akasinsa ne. Yashi ne yake kare shi da kansa ko bai motsa ba, tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ji masa ciwo.

Da farko Lee ya yi ta kai hari yashin yana tarewa. Sai Guy ya ba shi izini ya cire abin da ke ɗaure a ƙafafunsa. Kowa ya ɗauka 'yan ƙarafa ne marasa nauyi, har Temari tana yi masa dariya. Da ya sake su suka faɗo, ƙasa ta fashe, ƙura ta tashi. Ashe duk gudun da muka ga yana yi tun farkon babin da wannan nauyin yake yin sa. Daga nan yashin ya kasa cim masa, kuma a karon farko aka taɓa fuskar Gaara. Sannan ya buɗe ƙofofi biyar daga cikin takwas na jiki, dabarar da take ba mutum ƙarfi amma tana yayyaga naman jikinsa.

Kuma duk da haka ya faɗi. Gaara ya murƙushe masa hannun hagu da ƙafar hagu da yashi, da Guy bai shiga tsakani ba da ya kashe shi. Ana shirin sanar da wanda ya ci sai aka ga Lee ya miƙe tsaye ya gyara tsayuwar faɗa. Da Guy ya matso ya duba, ashe a sume yake. Jikinsa ne kawai ya tashi. Guy ya rungume shi yana kuka. Likitoci suka ce da wuya ya ƙara zama ninja.

Masu bayan Pain suna cewa ai wannan ya nuna ƙoƙari ba ya biya, tunda mai baiwa ne ya ci. Ni kuma a nan ne nake ganin babin ya fi sauran gaskiya. Dukanmu mun san wani a ajinmu da yake kwana karatu da fitilar waya, ya zo ya sami 55, wani kuma da bai buɗe littafi ba ya sami 80. Labarin da zai ce mana mai ƙoƙari kullum shi ne na ɗaya, ƙarya yake yi mana, kuma mun sani. Wannan bai ce haka ba. Ya bar Lee ya faɗi, amma ya sa duk wanda ke ɗakin, har Neji da yake ganin ba zai kai ko'ina ba, sun daina yi masa kallon da suke yi masa. Ka tambayi duk wanda ya kalli Naruto wane ne ya burge shi a wannan faɗan. Ban taɓa jin wanda ya ce Gaara ba.

Kafin wannan faɗan an yi na Hinata da Neji, wanda shi ne ya share hanyar babban faɗan zagayen ƙarshe. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, gidan Hyuga, iyayensu maza tagwaye ne. Mahaifin Hinata, Hiashi, shi ya riga fitowa, sai ya zama shugaban babban gida. Mahaifin Neji, Hizashi, da ya biyo baya sai ya zama na reshe, masu yi wa babban gida hidima. Tun Neji yana shekara huɗu aka yi masa hatimi a goshi wanda 'yan babban gida za su iya azabtar da shi da shi duk lokacin da suka so. Daga baya aka ba da ran mahaifinsa a madadin na yayansa don a kauce wa yaƙi da wani gari. Saboda haka Neji ya tashi da imanin cewa tun ran haihuwa an gama yanke wa kowa abin da zai zama, wanda aka haifa a ƙasa a ƙasa zai mutu. Ya gaya wa Hinata ta janye domin ita ba ta da zuciyar faɗa. Ta ƙi. Ya yi mata dukan da ya kusa kashe ta, tana faɗuwa tana tashi. Naruto ya dangwali jininta a ƙasa ya yi alkawarin sai ya kayar da Neji.

Bayan wata ɗaya suka haɗu a gaban duk mutanen gari. Neji ya toshe masa hanyoyin cakra ya ce masa shi ma faɗuwa aka rubuta masa. Naruto ya jawo ƙarfin dabbar da ke cikinsa, suka yi karo, ƙura ta lafa aka ga Naruto kwance. Ashe na bogi ne. Na gaskiyar ya haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa da farcensa har suna jini, ya ɓullo ta ƙasan Neji ya nausa masa a haɓa. Sannan ya tuna masa cewa shi sau uku yana faɗuwa jarrabawar kammala makarantar ninja, kuma dabarar raba jiki da ya kayar da shi da ita yanzu, irinta ce ta dinga kayar da shi a aji.

Mun yi gardama a kan wannan da wata 'yar ajinmu da ta ce ai Neji gaskiya ya faɗa, kowa da ƙaddararsa. Amsata ita ce, laifin Neji ba yarda da ƙaddara ba ne. Laifinsa shi ne ya ɗauka shi ya san ƙaddarar wani. Ya dubi Hinata, ya dubi Lee, ya dubi Naruto, ya karanta musu ƙarshensu kamar an ba shi takardar a hannu. Mu ma muna yin haka. Akwai yaran da tun aji ɗaya aka sa musu suna daƙiƙai, har su ma sun karɓi sunan sun koma bencin baya sun daina ɗaga hannu.

Sai Shikamaru, wanda shi ne hujjata da na fi so. Malalaci ne na ƙin ƙarawa, burinsa ya kwanta ya kalli gajimare. Aka haɗa shi da Temari mai babban mafici. Dabararsa ɗaya ce, ya miƙa inuwarsa ta kama inuwar abokin faɗa. Temari ta auna iyakar inda inuwar take kaiwa ta ja layi ta tsaya a bayansa. Shi kuma ya zauna yana jira rana ta yi ƙasa inuwar bango ta ƙara tsawo. Ya cire rigarsa ya ɗaura mata wuƙa ya sake ta a sama don ta ƙara masa inuwa. Duk wannan ashe kora ta yake yi a hankali zuwa bakin ramin nan da Naruto ya haƙa a faɗan da ya gabata. Ya bi da inuwar ta cikin ramin ya kama ta ta baya. Filin ya ɗauki ihu. Sai ya ɗaga hannu ya ce ya janye, domin cakrarsa ta kusa ƙarewa, ba zai iya riƙe ta ya gama da ita ba.

A ƙarshe, cikin mutum 153 da suka zauna jarrabawar, Shikamaru kaɗai aka ba matsayin Chunin. Ba Naruto da ya kayar da Neji ba, ba Sasuke ba. Dalili kuwa, shugaban tawaga shi ne wanda ya san lokacin da zai ja da baya don kada ya kai mutanensa ga halaka. Wane labarin faɗa ne zai ba da kyautar ga wanda ya ce ya janye? Wannan ne kawai na sani.

Yanzu bari in zo kan Pain, kuma ba zan yi masa rowar yabo ba. Babin yana tsakanin kashi na 152 da na 175 a Shippuden, kuma yana da abubuwan da ba a mantawa. Mutuwar Jiraiya da ta zo kafinsa, a kashi na 133, ta fi kowace mutuwa a labarin ciwo. Yadda Pain ya tsaya a sama ya shafe Konoha da bugu ɗaya ya bar rami abin tsoro ne. Isowar Naruto a kan manyan kwaɗi bayan ya koyo sabon ƙarfi a Dutsen Myoboku, ni ma na yi tsalle. Kuma Nagato, wanda yake sarrafa jikkunan Pain guda shida, ba mugun banza ba ne. Maraya ne daga garin Ame da yaƙin manyan garuruwa ya cinye iyayensa, ninjojin Konoha ne ma suka kashe su. Tambayar da ya yi wa Naruto, ta yadda za a tsayar da ramuwar gayya in kowa yana ganin shi aka fara zalunta, tambaya ce ta manya, kuma Naruto bai da amsa a lokacin. Duk na yarda.

Matsalata da babin ita ce ƙarshensa. Kakashi ya mutu, Shizune ta mutu, tsohon kwaɗo Fukasaku ya mutu, mutanen gari da yawa sun mutu. Mun yi baƙin ciki. Sai Naruto ya je ya yi magana da Nagato, Nagato ya sauya zuciya ya yi wata dabara ta ido, duk waɗanda ya kashe a harin suka tashi. To kukan da muka yi fa, a mayar mana da shi? In mai labari zai iya goge mutuwa kamar yadda ake goge allo, gobe in wani ya faɗi ba zan ji tsoro ba. Kwatanta da Jarrabawar Chunin. Hayate, mai kula da zagayen share fage, an kashe shi kuma bai dawo ba. Harin da ya katse jarrabawar ya ci ran Hokage na Uku, an yi jana'izarsa cikin ruwan sama, shi ke nan. Lee ya daɗe yana dogara sanda, sai da Tsunade ta yi masa aikin da aka ce ko ya tashi ko ya mutu, rabi da rabi. Abin da ya faru a can ya zauna.

Matsala ta biyu, a babin Pain mutum ɗaya ne yake da amfani. Kowa yana jiran Naruto ya zo. Shikamaru ya karye a ƙafa yana kallo. Tawagar Guy, wato Lee da Neji da Tenten, ba sa ma garin lokacin harin. A Jarrabawar Chunin kuwa mutum 20 suka yi faɗan share fage, faɗa goma, kuma ba ka isa ka rantse wa zai ci ba. Shino da ba ya magana ya sami ranarsa. Choji ma an ba shi fili ko da bai daɗe ba.

Abu na uku shi ne wanda nake so 'yan bencin baya su yi tunani a kai. Wuraren da suka fi taɓa zuciya a babin Pain bashi suka ci daga Jarrabawar Chunin. Me ya sa fitowar Hinata ita kaɗai a gaban Pain a kashi na 166 ta girgiza ku? Domin kun taɓa ganin ta tana faɗuwa tana tashi a gaban Neji. Me ya sa kuka ji daɗi da mutanen gari suka ɗaga Naruto sama a kashi na 175? Domin kun tuna ranar da suka fara tafa masa, wato ranar da ya kayar da Neji, bayan sun zo kallon yadda za a yi masa dukan tsiya. Cire jarrabawar, babin Pain ya zama faɗan wasu mutane da ba ka sani ba.

Akwai hujja ɗaya da masu adawa da ni suke kawowa wadda take da nauyi. Suna cewa daga baya an gano Naruto ɗan Hokage na Huɗu ne, mahaifiyarsa daga babban gidan Uzumaki take, har aka ce shi magajin ruhin Asura ne. Ke nan ba yaron banza ba ne da ya tashi da ƙoƙarinsa, ɗan gado ne. Neji kuma ya ƙare da mutuwa a yaƙi yana kare Naruto da Hinata, wato ɗan reshe ya mutu saboda 'yar babban gida, kamar mahaifinsa. Suka ce to ashe duk abin da aka faɗa a jarrabawar an rushe shi. Na yarda wannan ya rage wa labarin armashi. Amma wa ya yi rushewar? Babukan baya ne, waɗanda kuke cewa sun fi. Wannan hujjar tawa ce kuka ɗauko ba ku sani ba.

Masu son Babban Yaƙi kuma, ba zan ɓata muku lokaci ba. Saukar Madara a gaban rundunar ninjoji shi kaɗai abin kallo ne, haka ma ranar da Guy ya buɗe ƙofa ta takwas. Amma yaƙin ya yi tsawo har ya gundura, ana tsakiyar faɗa sai a koma tuna baya na kashi da yawa, an tayar da matattu rututu, sannan a ƙarshe aka kawo Kaguya da ba wanda ya san da ita aka ce ita ce babbar abokiyar gaba. Masu son Zabuza da Haku su kam ina girmama su. Babinsu gajere ne kuma babu ɓata lokaci a ciki. In da za a ce in zaɓi na biyu, tsakaninsa da babin bin sawun Sasuke zan tsaya ina ruwan ido.

Ba na cewa Jarrabawar Chunin ba ta da aibi. Faɗan Sakura da Ino an cika shi da tuna baya har ya ƙare babu wanda ya ci. Tenten ba a ba ta dama ba ko kaɗan, Temari ta share ta kamar ƙura. A cikin 'yan mata shida da suka kai zagayen share fage, Temari ce kaɗai ta wuce, kuma 'yan matan ajinmu suna da gaskiya da suke ƙorafi a kan haka. Faɗan Sasuke da Gaara da aka sa mu jira ma ba a ƙarasa shi ba.

Abin da ya sa na damu da wannan gardamar har na cika takardu shi ne ƙannenmu 'yan aji ɗaya. Da yawansu ba su kalli Naruto ba, guntayen bidiyo na minti ɗaya suke gani a wayar yayyensu, Madara yana jefo dutse daga sama, Naruto yana walƙiya kamar fitila. In suka je wurin masu tura finafinai sai su ce a zuba musu Shippuden daga wurin Pain, wai na farkon na yara ne. Wani ma ya tambaye ni wane ne mai koren kaya da katon gira. Rock Lee fa! Jarrabawar kashi 48 ce, kowanne minti ashirin da 'yan kai. In ka kalli biyu a rana a lokacin hutu, bayan ka gama aikin gida da aiken Umma, kwana 24 sun ishe ka. Ban ce a kalla a makon jarrabawa ba, kada a kai ƙarata ofis.

'Yan bayan Pain, shugaban kulob ɗin 'yan jarida ya ce akwai fili a allon nan mako mai zuwa. Ku rubuto, amma ku fara da amsa mini wannan: in da Kakashi bai tashi ba, babin zai fi kyau ko zai lalace?